Kafin A Ce Da Mutum "Zaɓi": Yadda Ake Auna Ƙwarewar Yanke Shawara Kan Sana'a

Duk shekara, da zarar an gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, ɗimbin yara a Najeriya kan tsaya gaban tambayar da za ta bi su har girma: ajin kimiyya za su shiga, ko na kasuwanci, ko wanda ɗalibai ke kira ajin "at"? Akasarinsu ba su wuce shekara 14 ko 15 ba. Wani makin lissafinsa ne zai yanke masa hukunci, wani mahaifinsa ne, wani kuma abokinsa zai bi don kada a raba su aji. Darussan da yaro ya ɗauka a wannan lokaci su ne za su fayyace abin da zai iya cikewa a fom ɗin JAMB bayan shekara uku.

A asibitin ƙashi, ko a cibiyar koyar da sana'a ga masu buƙata ta musamman, irin wannan tambaya ce ke jiran magidancin da hatsarin babur ya raba shi da ƙafarsa, da budurwar da ta makance tana tsakiyar karatu: to, yanzu wace sana'a za a kama? Galibi kafin mutum ya buɗe baki an riga an amsa masa. Ɗinki ne ko gyaran takalmi, domin su ne ake koyarwa a cibiyar.

Masana ba da shawara kan sana'a sun shafe fiye da shekara 100 suna nazarin wannan gaɓa ta rayuwa. Babban abin da suka cimma shi ne, iya yanke shawara kan sana'a ƙwarewa ce kamar tuƙin mota: ana koyonta, ana koyar da ita, kuma ana iya auna inda mutum ya kai a cikinta. Amfanin aunawar shi ne a gano inda ya maƙale, a koya masa abin da ya rage, sannan a bar masa zaɓinsa a hannunsa.

Daga Boston aka faro

A shekarar 1908 wani lauya kuma malami mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston na Amurka, a unguwar da 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani suka yi yawa. Yaran kan bar makaranta da wuri su faɗa duk aikin da suka fara cin karo da shi. Parsons ya rasu a shekarar, littafinsa kan zaɓen sana'a kuma ya fito a 1909. A ciki ya tsara matakai uku da har yau ake karantar da su: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da sharuɗɗansu, sannan ya yi tunani na gaskiya kan yadda biyun za su haɗu.

Matakai biyun farko ne suka fara samun ma'auni. A 1927 Edward Strong na Jami'ar Stanford ya fitar da takardar tambayoyi mai kwatanta sha'awar mutum da ta waɗanda suka daɗe a wata sana'a suna jin daɗinta. Daga 1959 John Holland ya kasa mutane da wuraren aiki gida shida: masu son aikin hannu da injuna, masu son bincike, masu son fasaha da ƙirƙira, masu son hidimar jama'a, masu son kasuwanci da shugabanci, da masu son aikin tsari da lissafi. Wannan rabe-rabe ya bazu a duniya, har ya zama shi ne abin da mutane da yawa suka sani a matsayin gwajin sana'a.

A shekarun da suka biyo bayan Parsons ne kuma aikin farfaɗo da rayuwar masu nakasa ya tsaya da ƙafarsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo wa Amurka da sojoji masu raunuka, aka yi dokar koya musu sana'a a 1918, sannan a 1920 aka yi wata dokar da ta haɗa da farar hula. Tun daga nan mai ba da shawara a makaranta da takwaransa na cibiyar farfaɗo da masu nakasa suke amfani da kusan kayan aiki iri ɗaya.

Mataki na uku na Parsons, wato yin tunanin da yanke shawarar, shi ne ya daɗe ba a san yadda za a auna shi ba. Ana iya faɗa wa saurayi cewa sha'awarsa ta yi kama da ta injiniyoyi, ya karɓi takarda ya tafi gida, bayan wata shida a same shi bai ɗaga ko yatsa ba.

Shin yaron ya shirya?

Donald Super na Jami'ar Columbia ne ya juya tambayar. A 1951 shi da abokan aikinsa suka fara bin rayuwar yara maza sama da 100 a garin Middletown na jihar New York, tun suna aji tara, suka ci gaba da bibiyarsu kimanin shekara 20. Aji tara a can ya yi daidai da aji uku na ƙaramar sakandare a nan. Abin da suka gani shi ne, yawancin yara a wannan shekaru ba su kai matsayin tsayar da sana'a guda ba. Abin da ya fi dacewa da su shi ne a buɗe musu ido su leƙa hanyoyi da yawa, a kuma guji rufe musu ƙofofi da wuri. Daga wannan aiki ne aka samo batun balagar tunani kan sana'a: ko mutum yana tunanin gaba, ko yana neman bayani, ko ya san yadda ake auna abu biyu a ɗauki ɗaya.

John Crites ya mayar da wannan fahimta ma'auni, wanda ya fito a 1973. Ya raba shi biyu. Ɓangare ɗaya yana duba halin mutum game da zaɓen, kamar ko ya ɗauki abin da muhimmanci, ko yana jira wani ya yanke masa. Ɗaya ɓangaren yana duba ƙwarewa guda biyar, waɗanda har yanzu su ne ginshiƙin wannan fanni.

Ta farko ita ce auna kai, wato mutum ya iya faɗin abin da ya iya, da abin da yake so, da inda yake da rauni, ba tare da cika baki ko raina kai ba. Ta biyu ita ce sanin sana'o'i: me ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje yake yi daga safe zuwa yamma, karatun shekara nawa ake buƙata, nawa ake samu. Ta uku ita ce tsayar da buri wanda ya dace da biyun farko. Ta huɗu ita ce shirya matakai daki-daki, daga darussan da za a ɗauka zuwa inda kuɗin makaranta zai fito. Ta biyar ita ce warware matsala idan hanya ta toshe: maki bai kai ba, mai ɗaukar nauyi ya rasu, ko likita ya ce ba sauran ɗaukar kaya mai nauyi.

Hikimar wannan rabe-rabe ita ce, kowane ɗaya ana iya koyar da shi daban. Yarinyar da ta san kanta sarai amma sana'o'in da ta sani ba su wuce likita, nas da malama ba, abin da take buƙata ya bambanta da na yaron da ya haddace sunayen kwasa-kwasai 20 amma bai taɓa tambayar kansa wanne zai iya ba.

"Ban sani ba" iri-iri ce

Duk wanda ya taɓa zama da ɗalibai ya san amsar da ta fi yawa idan aka tambaye su abin da suke son zama: "Malam, ban sani ba." Ma'aunan da suka biyo baya duk ƙoƙari ne na buɗe cikin wannan amsa.

A 1976 Samuel Osipow na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa suka fitar da gajeren ma'auni mai tambaya 19, wanda ke nuna yadda mutum ya natsu da zaɓinsa da kuma dalilan da suka sa yake jan ƙafa. Masana suka ƙara bambance mutum biyu da ake yawan haɗa su. Akwai wanda bai yanke shawara ba tukuna saboda bayani bai ishe shi ba, kuma wannan ba aibu ba ne ga matashi. Akwai kuma wanda yanke kowace irin shawara ke yi wa wuya saboda fargaba. Na farko bayani da ziyarar wuraren aiki sun wadatar da shi. Na biyu ko an cika masa jaka da ƙasidu ba zai motsa ba, sai an zauna da shi kan tsoron da ke daƙile shi.

A 1981 Nancy Betz da Gail Hackett suka nuna wani abu mai muhimmanci a tsakanin ɗaliban jami'a: 'yan mata da yawa ba su yarda za su iya ayyukan da aka saba gani a hannun maza ba, irin su injiniyanci, alhali makinsu bai gaza na samarin ba. Wannan ya dace da ra'ayin Albert Bandura cewa yardar da mutum ya yi wa iyawarsa tana tasiri kan abin da zai gwada da kuma yadda zai jure. A 1983 Karen Taylor da Betz suka gina ma'auni mai tambaya 50 a kan ƙwarewa biyar ɗin Crites, inda ake tambayar mutum yaya ƙarfin zuciyarsa yake cewa zai iya yin kowane abu, misali ya samo bayani kan wata sana'a, ko ya canza hanya idan zaɓinsa na farko bai yiwu ba. An taƙaita shi zuwa tambaya 25 a 1996, kuma yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya.

A wannan shekara ta 1996 Itamar Gati na Jami'ar Ibraniyawa da ke birnin Ƙudus, tare da Mina Krausz da Osipow, suka tsara matsalolin yanke shawara gida uku, masu rassa goma. Gida na farko rashin shiri ne tun kafin a fara: ba a da himma, ko ana da ɗabi'ar kasa yankewa, ko ana riƙe da wani imani marar tushe, kamar cewa sana'a ɗaya tak aka halitta wa kowane mutum kuma idan ya kuskure ta shi ke nan. Gida na biyu ƙarancin bayani ne, game da kai, game da sana'o'i, game da yadda ake yanke shawara, da kuma inda ake samun bayanin. Gida na uku cin karo ne: labarin da ba shi da tabbas, saɓani a cikin zuciyar mutum, ko saɓani tsakaninsa da waɗanda yake jin nauyinsu.

Har ila yau a 1996, James Sampson, Gary Peterson, Janet Lenz, Robert Reardon da Denise Saunders na Jami'ar Jihar Florida suka fitar da ma'auni mai jimla 48 da ke farautar munanan tunani kan sana'a. Yana nuna ruɗewa wajen fara yanke shawara, da fargabar tsayawa kan abu ɗaya, da rikici da ra'ayin wasu. Sun haɗa shi da littafin aiki, domin mutum ya koyi yi wa tunanin tambaya ya musanya shi da wanda ya fi gaskiya. Sun kuma koyar da zagaye mai matakai biyar: a gane akwai giɓi, a tantance shi, a tattaro hanyoyi a tace su zuwa kaɗan, a auna kowace da abin da mutum ya ɗauka da daraja, sannan a aiwatar, a dawo a duba ko giɓin ya cike.

A ɗauki misalin ɗalibai uku da duk suka ce ba su sani ba. Da aka bincika, ta farko ba ta san akwai aikin gashin ƙashi ko na gwajin ido ba. Na biyu yana son koyon gyaran lantarki amma gida ana kiransa "dakta" tun yana firamare. Na uku ya faɗi lissafi sau ɗaya ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kai. Idan aka tara su a zaure ɗaya aka yi musu lacca ɗaya a ranar sana'o'i, mutum ɗaya kawai aka taimaka wa.

Inda nakasa ta shigo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. A wurinsu aunawar tana da nauyi na daban, domin sakamakonta kan shiga fayil, fayil ɗin kuma shi ke buɗe ƙofar horo ko ya rufe ta.

Abu na farko da ƙwararre ke dubawa shi ne lokacin da lalurar ta samu mutum. Wanda aka haifa da ita, ko ta same shi yana ƙarami, sau da yawa ya taso ana yi masa komai: ba a aike shi kasuwa ba, bai tsare shagon kowa ba, bai yi aikin hutu ba, ko rigar sallah ba shi ya zaɓa ba. Idan aka ba shi takardar tambayoyi ya ci ƙaramin maki, abin da makin ke nunawa shi ne ƙarancin damar da ya samu ta gwada kansa. Wanda ya karanta shi a matsayin ƙarancin hankali ya zalunce shi. Shi kuwa wanda lalurar ta same shi da girmansa, kamar direban da ya samu rauni a laka, ya san aiki, ya san yanke shawara, amma sanin da ya yi wa kansa na jiya ne. Yana cikin jimamin abin da ya rasa, kuma amsoshin da zai bayar a watannin farko ba lallai su zama nasa na dindindin ba. Shi ya sa ake maimaita aunawa bayan wani lokaci, ana kuma neman ƙwarewar da zai iya ɗauka daga tsohon aiki zuwa sabo. Direban ya san hanyoyi, ya san mota, ya san fasinja, kuma waɗannan jari ne a ofishin tasha ko shagon kayan gyara.

A Jami'ar Minnesota, René Dawis da Lloyd Lofquist da George England sun fitar da wata fahimta a 1964 daga binciken da suka yi kan masu nakasa da ke komawa aiki. Suka ce ɗorewa a aiki tana da fuska biyu: wurin aiki ya gamsu da ma'aikaci, shi ma ma'aikaci ya gamsu da abin da aikin ke ba shi. Wannan ta tilasta wa masu ba da shawara su riƙa tambayar abin da mutum yake buƙata daga aiki, bayan tambayar abin da zai iya.

Saboda takarda da biro ba sa isa, wannan fanni ya ƙirƙiro gwaji a aikace. Ana ba mutum ɗan aiki irin na gaske, kamar haɗa wayoyi, tsara takardu ko auna katako, a ga yadda yake bi da shi. Wanda ya fi wannan shi ne a kai shi ainihin wurin aiki na kwanaki, a ga yadda yake tambaya idan bai gane ba, da abin da yake yi idan ya yi kuskure, a kuma ji daga bakinsa ko aikin ya kwanta masa. Ga wanda ba ya karatu akwai ma'aunin sha'awa na hotuna, inda yake nuna aikin da ya fi so a cikin zane uku. Makaho yana buƙatar rubutun makafi ko mai karanta masa, kurma kuma yana buƙatar tafinta mai iya maganar hannu. Idan ba a yi wannan tanadi ba, nakasar aka auna, ba ƙwarewar ba.

Dokokin Amurka sun bi wannan sauyin tunani. Gyaran da aka yi a 1992 wa dokar farfaɗo da masu nakasa ta 1973 ya jaddada cewa mai lalura ne zai zaɓi burinsa na aiki bisa cikakken bayani, kuma a fara da zaton cewa zai amfana da hidimar. Dokar ilimin yara masu nakasa ta wajabta cewa kafin ɗalibi ya wuce shekara 16 a sa shirin rayuwarsa ta bayan makaranta a cikin tsarin karatunsa, bisa aunawar da ta dace da shekarunsa. Wata doka ta 2014 ta umarci hukumomin jihohi su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke ba su don shirya ɗalibai masu nakasa tun suna makaranta. A nan ne malamin ba da shawara na makaranta da jami'in farfaɗowa suke haɗuwa a kan yaro ɗaya.

Akwai kuma darasi daga jihar New Hampshire, inda Deborah Becker da Robert Drake suka tsara hanyar sama wa masu taɓin hankali mai tsanani aiki. A tsarinsu duk wanda ya ce yana son aiki ba a mayar da shi, ana bin zaɓinsa, ana nema masa aikin gaske da wuri, sannan a ci gaba da tallafa masa yana ciki. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna wannan ta fi tsohuwar hanyar da ake tsare mutum a horo har sai an ce ya shirya. Ma'anar ita ce, kada ƙaramin maki ya zama hujjar hana mutum gwadawa, domin a cikin gwadawar ake koyon yanke shawara.

Iyakar ma'auni

Na farko, akasarin waɗannan takardu abin da mutum ya faɗa game da kansa suke tattarawa. Mai cika baki zai iya cin babban maki alhali bai san komai ba, mai kunya kuma ya ci kaɗan alhali ya iya. A al'ummar da ake tarbiyyar yaro kan kawaici, inda cewa "na iya sosai" ke kama da yabon kai, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Dole a haɗa maki da hira, da lura, da kuma ba mutum wata matsala ta gaske ya warware a gaban mai aunawa.

Na biyu, an gina yawancinsu ne a kan ɗaliban Amurka, a harshen Ingilishi, bisa tunanin cewa balagagge shi ne mai yanke shawara shi kaɗai. A irin wannan sikeli, yarinyar da ta ce sai ta ji ta bakin mahaifinta tana iya fitowa a matsayin mai dogaro da wasu. A ƙasar Hausa kuwa an ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci, kuma iya zama da iyaye a fahimtar da su cikin ladabi yana daga cikin ƙwarewar da ya kamata a auna, a kuma koyar. Abin lura shi ne bambanci tsakanin wanda ya nemi shawara ya auna ta, da wanda aka yanke masa bai san dalili ba. Masana sun fara gyara wannan giɓi. A 2012 Mark Savickas da Erik Porfeli suka jagoranci masu bincike daga ƙasashe 13 wajen gina ma'auni mai tambaya 24, wanda ke duba damuwa da gobe, riƙe ragamar kai, son bincike, da ƙarfin zuciya.

Na uku, ma'auni ba ya samar da gurbin aiki. Saurayin da ya san kansa, ya tsara hanyarsa, amma babu kuɗin rajista ko babu matakalar keken guragu a ƙofar makaranta, matsalarsa tana waje. Mai ba da shawara na gaskiya yakan rubuta shingen da ke gaban mutum a shafi ɗaya da makinsa, don kada a ɗora wa talaka ko mai nakasa laifin abin da ba shi ya gina ba.

Halin da ake ciki a gida

Aikin ba da shawara a makarantun Najeriya ya samo asali ne a 1959, lokacin da malaman coci mata na Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, a 1976. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare, kuma tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an gina shi ne a kan cewa za a lura da baiwar yaro a ƙaramar sakandare kafin a nuna masa hanya. Farfesa Christopher Bakare na Jami'ar Ibadan ya tsara ma'aunan sha'awar sana'a da na dalilan zaɓenta don ɗaliban Najeriya, kuma har yau ana amfani da su a binciken jami'o'i.

A aikace kuwa, makarantu da yawa ba su da wannan malami, inda yake kuma akan cika masa jadawali da darussa ko a mayar da shi mai ladabtarwa. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun Amurka tana ba da shawarar malami ɗaya ga ɗalibai 250. Makarantar gwamnati mai ɗalibai dubu biyu da malami ɗaya tak ba za ta iya zama da kowane yaro ba. Ta ɓangaren masu buƙata ta musamman, dokar hana nuna musu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, an kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Amma shirye-shiryen koyar da sana'a sun fi karkata ga tara mutane a koya musu abu ɗaya a raba keken ɗinki. Ba abin mamaki ba ne a ga keken a kasuwa bayan 'yan watanni, tunda ba a tambayi mai shi ko ɗinki yake so ba, ba a kuma duba ko unguwarsa na buƙatar wani tela ba.

Gyaran ba sai an sayo takardu masu tsada daga waje ba. Ƙwarewa biyar ɗin nan na Crites za a iya mayar da su hira ta rabin sa'a da Hausa. Faɗa mini abu uku da ka iya da kuma wanda ya shaida haka. Kawo sana'a uku da kake tunani, ka gaya mini yadda mai kowace yake wuni. Wacce ka fi so, don me? Mene ne matakinka na farko a wannan zangon? Idan wannan ta ƙi, sai me? Malamin aji da aka horar zai iya yin wannan, ya rubuta inda yaro ya yi ƙarfi da inda ya tsaya, a tura wa ƙwararre waɗanda matsalarsu ta fi zurfi. Wanda bayani ya yi wa ƙaranci a haɗa shi da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a na gari. Wanda ke cin karo da gida a gayyato mahaifinsa ko mahaifiyarsa a zauna tare. Mai nakasa a kai shi garejin, ko shagon, ko ofishin ya yi mako guda kafin a rubuta sunansa a horo, a kuma sa ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, irin su sarkin makafi da sarkin guragu, cikin tsara abin da za a koyar. Jami'o'inmu da ke da sassan wannan fanni su ne ya kamata su fassara ma'aunan nan, su gwada su a kan yaranmu, su fitar da abin kwatance na gida.

Sannan a sake aunawa bayan zango ɗaya ko biyu. Ta haka ne makaranta ko cibiya za ta san ko abin da take yi yana aiki, domin nasarar ba ta tsaya ga yawan waɗanda aka raba wa ajujuwa ko kayan sana'a ba. Matashin yau zai canza aiki fiye da sau ɗaya kafin ya tsufa, ko saboda kasuwa, ko saboda lafiya, ko saboda wata na'ura da ta zo ta maye gurbinsa, kuma a lokacin babu malamin da zai kasance kusa da shi. Haƙƙin da ke kan makaranta da cibiyar farfaɗowa shi ne su sallame shi ya iya tattara bayani, ya nemi shawarar waɗanda suka dace, ya auna, ya yanke, ya kuma iya faɗin dalilinsa.